Ranar da Taubashina Ya Fara Girmama Ni

Shekaru sun ja, ido ya fara gajiya, abubuwa da yawa sun zube mini daga ka, amma akwai wata rana guda da na tabbata ba za ta zube ba har in koma ga Ubangijina. Ita ce ranar da matasan garinmu, Balan, suka shirya tattaki, aka zagaya tsofaffin wuraren da ke cikin gonaki don mutane su ga inda kakanni suka zauna. Na fita da safe ina da taubashi, na dawo da rana ina da wani mutum mai ladabi da ke ce mini Malam.

Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Sa'annin juna ne mu, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi allo, tare muka gudu daga firamare ba mu yi nisa ba. Da yake ni ɗan namiji ne shi kuwa ɗan mace, a wasanmu ni ne ubangida shi ne bawa, kuma tun muna yara babu ranar da za mu haɗu mu rabu ba mu yi wa juna tsiya ba. In ya gan ni tafe sai ya ce, "Ga ubangidan da ba shi da ko akuya." Ni kuma in ce, "Bawa, wa ya ba ka izinin sa hula a gabana?" A gidan suna, a gidan biki, har a wurin zaman makoki in an kwana biyu, mutane kan matsa mana wuri kusa da juna don su sha dariya. Mahaifinsa mutumin gabas ne, Babarbare, ya zo da fataucin kanwa tun yana saurayi, ya ga gwaggo, ya aure ta, ya sami gona ya zauna. A garinmu ya tsufa, a maƙabartarmu aka binne shi.

Ni kuwa abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne labarin da. Ban yi boko mai zurfi ba, ban tara dukiya ba, amma mahaifina ya san tarihi, kuma na zauna a gindinsa na kwasa. Na san wa ya riƙe gari bayan wa, na san wace zuri'a ta fito daga ina, na san abin da ake faɗa cewa maƙeran farko da suka zauna Kano daga ƙasar Gaya suka tashi. Da la'asar in na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba na rasa masu saurare. A raina na ɗauki tarihin garin nan kamar gonar gado, tawa ce, duk mai so sai ya biyo ta hannuna.

To, wata kaka, bayan an yanke gero an fara roron wake, sai ga shugaban ƙungiyar matasa ya zo da mutum biyu. Suka durƙusa suka gaishe ni, suka ce sun shirya wani tattaki, za a gayyato ɗalibai da malamansu, da mutanen Gaya da na Ajingi, har da wasu baƙi daga Kano, a bi ta kufai da tsohuwar marina da sauran wurare, ana tsayawa ana bayani. Tun kafin ya rufe baki na fara jera abin da zan faɗa a kowane wuri.

Ya ce, "Baba, kai ne ubanmu a wannan tafiya. So muke ka sa mana albarka, ka buɗe da addu'a."

Na ce, "Madalla. Bayanin fa?"

Sai ya sosa ƙeya, ya dubi abokansa, ya ce ai sun riga sun yi magana da taubashina, shi zai ja tafiyar. Wai ya san hanyoyin cikin gonaki, kuma muryarsa tana fita.

Na yi murmushi na ce Allah ya sa a yi lafiya. Da suka tafi na shiga gida na kasa cin tuwo. Uwargidana ta dube ni ta ce, "Malam, ai sun yi dabara. Kai in ka fara daga kakan kakanka, azahar za ta yi ba a fita gari ba." Wasa take yi, amma ban yi mata magana ba har washegari. Da wani malami suka ɗauko daga birni, da ban ji komai ba, sai in ce ai na boko sun nemi na boko. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da muka gudu daga aji tare, wanda bai fi ni harafi ɗaya ba, shi aka ga ya isa.

Ranar tafiya aka taru a filin makaranta rana tana ɗagowa. Babura sun cika bakin hanya, adaidaita sahu na sauke mutanen Gaya, ga bas ta kawo na Kano. Ɗalibai sun sa fararen kaya, kowa da gorar ruwa. Sai ga taubashina cikin sabuwar riga, da sanda a hannu, an rataya masa wata 'yar lasifika mai batir a kafaɗa. Wallahi lasifikar nan ita ta fi ƙona mini rai. Tsofai-tsofai da ni, na tsaya ina kallon wani ɗan akwatin roba kamar yaron da aka hana alewa.

Da ya hango ni sai ya kara ta a baki ya ce, "Jama'a, ku buɗa wa ubangidana hanya. Yau bawa ne a gaba, shi yana bin ƙura."

Aka yi dariya. Na ce, "Ja mu, ai dama jaki ke gaba in za a kasuwa." Aka ƙara dariya. Shugaban matasa ya juya ya gaya wa baƙi cewa taubasai ne, kada su damu, haka za su ji har a dawo. Na yi addu'a, aka shafa, aka kama hanya.

Tafiyar da daɗi, ba zan ɓoye ba. Raɓa ba ta gama bushewa ba, karan gero na kwance a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa, mata na tsintar wake suna ɗaga mana hannu. Muka bi burtali, muka ratsa ta gefen wata fadama, muka tsaya a wurin farko, tsohuwar marina. In ba an nuna maka ba, ba za ka ce akwai wani abu a nan ba, 'yan ramuka ne jere da ƙasa ta kusa cikewa. Taubashina ya sa sanda ya ture ciyawa, ya nuna bakin wani rami da har yanzu akwai ɗan shuɗi a jikinsa. Ya yi bayanin yadda ake jiƙa baba da toka, yadda marina ke zama da dogayen sanduna suna motsawa, yadda hannunsu ke rinewa har su mutu bai goge ba. Bai daɗe ba ya gama. Mutane suka yi tsit suna saurare, ni kuwa ina gefe ina ƙirga abin da ya tsallake. Bai faɗi zuri'ar da ta fara rini ba. Bai faɗi wanda ke riƙe da gari a lokacin ba. Na ce da ƙarfi, "Bawa ya cinye rabin labarin a hanya." Ya ce, "Na bar maka rabi ne ka samu na la'asar." Aka yi dariya aka wuce.

A cikin baƙin Kano akwai wata malama, mai yawan tambaya, wayarta a ɗage tana ɗaukar duk abin da ya faɗa. Da muka isa wuri na biyu, inda ake samun kashin maƙera, wato baƙaƙen dunƙulen nan masu ramuka da suka rage bayan an narka tama, sai ya tsinto guda ya ɗora mata a hannu. Ta ji nauyinsa ta yi mamaki. Ta ce, "Baba, kai kam littafi ne guda. Tsaya a yi mana hoto." Suka jeru, ɗalibai suka cika gefe da gefe. Ina tsaye a bayansu ban san na shiga ba. Sai mai ɗaukar hoton ya ɗaga hannu ya ce mini, "Baba, ɗan matsa can kaɗan."

Na matsa. Ƙasar da mahaifina ya fara nuna mini wannan abu ina riƙe da gefen rigarsa, a kanta aka ce in matsa kada in ɓata hoto.

A nan dole in faɗi wani abu don kada in zalunce shi. Bayan hoton, ya sauke lasifika ya miƙo mini, ya ce wa jama'a, "Batun maƙera kam ubangidana ya fi ni. Zo ka gaya musu." Yanzu da nake tunawa, na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma a lokacin kunnena ya ji kamar sadaka ake ba ni a gaban mutane. Na ture hannunsa na ce, "Gama shararka tukuna, ubangida ba ya magana tsakar rana." Ya ɗaga kafaɗa ya maida abarsa.

Daga nan har kufai ban ga komai a hanya ba. Ana nuna wa ɗalibai itatuwa, ana gaya musu sunayensu, ni ina kallon bayan sabuwar rigarsa, ina kallon yadda malamar nan ke tafiya kusa da shi, yadda wani dattijo daga Ajingi ya dafa kafaɗarsa yana ce masa Allah ya ƙara sani. Duk wanda ya yabe shi sai in ji kamar daga rumbuna aka ɗiba aka ba shi.

Kufan yana kan wani ɗan tudu, tsakanin manyan kukoki. Nan ne tsohon garin kafin mutane su tashi su koma inda muke yanzu. Ko'ina ka taka sai tsingaro, kuma in ka lura za ka ga inda katangu suka narke suka zama 'yan tuddai. Aka zauna a inuwa, aka sha ruwa. Taubashina ya hau kan wata saiwar kuka ya fara. Ya nuna inda masallaci yake, inda kasuwa take ci. Sannan ya taka zuwa wani wuri kusa da kukar tsakiya, ya dafa ƙasa da sanda, ya ce nan ne gidan kakanninsa da ni, nan aka haifi kakarmu, kuma ita da bakinta ta gaya masa cewa daga ɗakinta tana jin faɗuwar 'ya'yan kuka. Muryarsa ta yi laushi da ya faɗi haka. Malamar ta sauke waya tana kallonsa.

Abin da ya faɗa gaskiya ne. Kakata ce, kakarsa ce, ita ta goya mu duka. Amma ni a lokacin gani na yi ya shiga har cikin ɗakin gidanmu ya ɗauko abu na ƙarshe ya raba wa baƙi. Na miƙe, na gyara murya irin ta wasa, har da nuna shi da baki yadda na saba, na ce:

"Ku tambaye shi tukuna a ina ubansa ya ɗaure jakinsa. Jiya jiya aka sauke kanwa a bayan gari, yau ɗan mai kanwa ke nuna mana gidan kakanni. In tarihin gabas kuke so ku bi shi. A nan kam baƙo ne, mu muka ba su masauki."

Aka kwashe da dariya. Ɗalibai har da tafi. Na ji shugaban matasa yana sake gaya wa wani baƙo, "Taubasai ne, taubasai ne." Shi ma taubashina ya yi dariya, ya buɗe baki sosai har haƙoransa suka fito. Na tsaya ina jiran ramuwa, don tun da muke bai taɓa bar mini ta ƙarshe ba. Ba ta zo ba.

Muna yara, wata rana yaran unguwa sun tsokane shi da maganar ubansa har ya yi kuka, ni ma na sa baki. Gwaggo ta kama kunnena ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ka ce masa bawa, ka ce masa mummuna, ka ƙwace masa ƙosai, duk naka ne. Amma ka bar masa ubansa." Tun daga ranar ban sake taɓa wurin ba, har wannan rana a gindin kuka. Ban manta da maganarta ba lokacin da na buɗe baki. Na san inda zai yi zafi, shi ya sa na nufi can.

Da dariya ta lafa, sai ya sauko daga kan saiwar, ya cire lasifikar, ya zo ya rataya mini a wuya da hannunsa, ya gyara mini igiyar. Ya ce, "Gaskiya ne. Mai gida ya ja mu." Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka sake tafi.

Da a ce na rikice na kasa magana, da ya fi mini sauƙin ba da labarin nan. Ban rikice ba. Na yi bayani mai kyau. Na jero masu gari ɗaya bayan ɗaya, na faɗi dalilin tashi daga kufai yadda na ji a wurin mahaifina, na kai su ga ragowar ganuwa na nuna musu inda ƙofa take. Malamar ta ɗaga wayarta a kaina. Dattijon Ajingi ya ce ashe gidan duka masana ne. Na ji muryata tana fita ta cikin akwatin nan tana ratsa gonaki, kuma na ji daɗi, daɗi ƙwarai. Ko sau ɗaya ban waiwaya na nemi inda yake ba.

Daga ganuwa sai na nufi hanyar gida ta gajeriyar hanya. Shugaban matasa ya matso ya ce mini a hankali, "Baba, saura wuri ɗaya. Zango, inda fatake ke sauka. Yana cikin shirin."

Na san zangon, can gabas da kufai, gindin wata tsamiya. Na kuma san wanda zai yi magana in an je. Na ce, "Rana ta yi, yaran nan sun gaji. Babu komai can sai ciyawa."

Ya juya yana neman taubashina. Yana can ƙarshen layi, sanda a kafaɗa. Shugaban ya ɗaga murya ya tambaye shi ko a biya ta zango. Taubashina ya ce, "Yadda Malam ya ce."

Malam. Tun da aka haife mu bai taɓa kirana haka ba. Na ji kalmar, amma kunnena cike yake da tafi, sai na wuce.

Da yamma uwargida ta kawo mini fura a kwano, damu mai kyau, da nono mai kauri. Na sha na ƙoshi ina ba ta labarin yadda aka yaba mini. Ta bari sai da na ajiye ludayi, sannan ta ce, "Furar zango ka sha." Na ce wace irin furar zango? Ta ce ashe ban sani ba. Taubashina ya yi kwanaki yana zuwa wurin da sassafe da lauje da fartanya. Ya share gindin tsamiyar, ya tono bakin tsohuwar rijiyar fatake da ta ɓace cikin ciyawa, ya kewaye ta da ƙaya kada wani ya faɗa. Ya sa 'ya'yansa mata suka dama fura suka ɗauka a ka har can, don a tarbi baƙi yadda ake tarbar ayari a da. Suka shimfiɗa tabarmi suka zauna jira har azahar ta wuce, sannan suka kwaso kayansu suka dawo, aka rarraba wa maƙwabta kada ta lalace. A nan ne mahaifinsa ya fara sauka, a nan ya fara sayen fura a hannun gwaggo. Wurin da ya ajiye ya rufe tafiyar da shi ke nan.

Washegari da muka fito daga masallaci na tare shi na ce, "Bawa, jiya ka ga yadda ake yi?" Sai ya ɗan rusuna ya ce, "Barka da asuba, Malam. An tashi lafiya? Ya gajiyar jiya? Ya iyali?" Ya jero gaisuwa tsaf kamar ya haɗu da limamin wani gari, ya sa takalmi ya tafi.

Haka aka ci gaba. In na tsokane shi sai ya ce, "Allah ya ƙara girma." A gidan suna ya tashi ya ba ni tsakiyar tabarma ya koma gefe. Wata ranar kasuwar Ajingi muka haɗu wurin masu gyaɗa, yana tare da wani abokin cinikinsa, ya nuna ni ya ce, "Wannan ɗan kawuna ne, babban mutum ne a garinmu." Da ya zage ni a tsakiyar kasuwar nan da ya fi mini. Bai daina zumunci ba. In ba ni da lafiya yana zuwa, in an yi haihuwa yana aikowa. Babu abin da zan kai ƙara in ce ya yi mini. Wa zai je wurin manya ya ce taubashina yana girmama ni?

Kuma al'adar da na fake da ita, ita ta ɗaure mu duka. Shi ba shi da damar cewa na ɓata masa, don kowa ya shaida wasa ne. Ni kuma in na ba shi haƙuri, na yarda ke nan ba wasa ba ne. Sau ɗaya na gwada zagaye-zagaye, na ce ko maganar kufai ce ta dame shi. Ya ce, "Haba Malam, ai wasa ne." Ya rufe ƙofar da mabuɗin da na ba shi.

Kada ku ɗauka kishin ya tafi nan take. Matasa suka riƙa nuna wa juna abin da aka ɗauka a waya, kuma wanda ya fi yawo shi ne bayaninsa na marina, ba nawa na ganuwa ba. Wasu dattawan da suka gane abin da ya faru suka riƙa cewa mutumin nan akwai haƙuri. Har haƙurin nasa na yi wa ƙyashi. Na kan kwanta in ce wato ko a nan ma shi ya ci.

Da kaka ta zagayo, matasa suka dawo. Wannan karon ni suka nema in ja tafiya, don taubashina ya ce musu ƙafa ta hana shi. Abin da na yi ta so ya zo har ƙofar gida, na karɓa, amma na ji shi kamar tuwon da ya kwana. Na ɗauki sanda na tafi gonarsa. Na same shi zaune gindin wani ƙaramin darbejiya yana tsinkar gyaɗa, ƙafarsa lafiya lau. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni, na ce ya zauna. Na zauna a ƙasa na jawo dami na fara tsinka.

Na ce, "Maganar da na yi a kufai, ba wasa na yi ba. Baƙin ciki na ji da aka zaɓe ka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Da wasa ne da na rama har sai ka nemi hanyar gida."

"To me ya sa ka yi dariya?"

Ya jefa gyaɗa a kwando, sannan ya dube ni. "Me kake so in yi? Ɗan kawuna ya yi magana gaban baƙi. In na ɓata rai sai a ce ɗan Babarbare bai san wasan taubasai ba. Ka ga maganarka ta tabbata ke nan, baƙo ne ni."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, don gwaggo da kawu. Na ce to ya zo ya ja tafiyar bana, a fara da zango. Ya girgiza kai ya ce, "A'a. Na shirya maganar nan sau ɗaya, na dawo da ita gida. Ba ta sake fitowa." Na matsa, ya ce in bar shi. Da zan tafi ya leƙa abin da na tsinka ya ce, "Dubi aikin ubangida, rabi ƙasa rabi ganye." Na fita daga gonar nan ina share ido da hannun riga, don rabona da jin irin wannan daga bakinsa shekara guda ke nan.

Na ja tafiyar, kuma na kai su zango. Ciyawa ta sake rufe wurin, sai busasshiyar ƙayar da ya kewaye rijiya da ita. Na tsaya gindin tsamiya da lasifika a wuya na ce nan fatake ke sauka. Wata ɗaliba ta ce, "Baba, daga ina suke zuwa? Kwana nawa suke yi? Me suke saye a wurinmu?" Na ce daga gabas. Sauran ban sani ba. Mahaifina masu gari ya sani, bai san ayari ba. Wanda ya sani yana gida.

Wasanmu ya dawo, amma ba duka ba. In mu biyu ne, zai yi mini tsiya har in gaji. Da zarar mutum na uku ya yi sallama, sai ya gyara zama ya koma Malam. Haka muka ƙarasa har Allah ya karɓi abinsa, kuma labarin zango ya tafi da shi. Na tambayi 'ya'yansa, suka ce ɗan abin da suka ji bai taka kara ya karya ba, ya ce musu ranar tattaki za su ji duka tare da kowa.

Abin da na koya, a makare, shi ne ƙyashi ba ya zuwa da kamanninsa. Yakan nemi abin da aka halatta maka, ya shiga ciki ya zauna. Ni wasan taubasai ya samu, wani nasiha zai samu, wani gyaran kuskure. Yanzu in magana ta zo bakina, ko ta dariya ce, nakan tsaya in tambayi kaina ko ina so wanda zan gaya wa ya rama, ko so nake ya yi shiru. In shirunsa nake nema, sai in haɗiye abata. Lasifikar da na yi wa kwaɗayi na same ta, na rataya ta shekara da shekaru. Amma duk kaka in muka isa gindin tsamiyar nan, sai in kashe ta in ce wa jama'a su zauna su sha ruwa, mu yi wa mai wurin addu'a.